Jirgin saman haɗin gwiwa: wa zai biya, wa zai hau?

A watan Nuwamba na 2023, wata biyu bayan sa hannu a kan yarjejeniyar Liptako-Gurma wadda ta haifi ƙawancen ƙasashen Sahel, wato AES, ministocin kuɗi da tattalin arziki na Mali da Burkina Faso da Nijar suka zauna a Bamako, suka fito da jerin shawarwari. Daga cikinsu har da kafa kamfanin jiragen sama guda ɗaya na ƙasashen uku. Tun daga nan maganar take dawowa duk sa'ad da manya suka haɗu, a yi mata tafi, kafofin watsa labarai na gwamnati su yi ta yayata ta. Abin da ba a cika ji ba shi ne amsar tambayoyi biyu waɗanda kowane ɗan kasuwa yake yi kafin ya zuba ko dala ɗaya a cikin haɗaka: daga aljihun wa jarin zai fito, kuma wa zai ci moriyarsa? A Diffa, wadda ke da nisan kilomita 1,360 daga Yamai, tambayoyin nan sun fi nauyi a kan ko'ina, domin jahar ta daɗe da sanin ɗacin biyan kuɗin tuwon da ba a zuba mata ba.

Adalci ne a fara da hujjar masu goyon bayan shirin, don kuwa ba ta banza ba ce. Suna cewa ƙasashen uku ba su da teku, saboda haka sama ita ce ƙofarsu. Suna tuna wa jama'a cewa a watan Agusta na 2023 kamfanin Air France ya dakatar da zuwa Yamai da Bamako da Wagadugu a rana ɗaya, matafiya suka rasa tudun dafawa. Suna nuni da dubban alhazan da kamfanonin waje suke kwasa kowace shekara, kuɗin kuma su tafi ba su dawo ba. Suna kuma cewa kasuwar kowace ƙasa ita kaɗai ta yi kaɗan, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai gaskiyar nan ba sabuwa ba ce. Ita ce aka faɗa a Yawunde shekara sittin da ɗoriya da suka wuce, kuma Nijar tana cikin zauren.

Darasin Air Afrique

Ranar 28 ga Maris 1961 ƙasashe goma sha ɗaya, har da Nijar ta zamanin Diori Hamani, suka rattaba hannu a Yawunde a kan kafa Air Afrique. Kowace ƙasa ta ɗauki kashi 6 cikin 100 na jarin, kamfanonin Faransa suka riƙe abin da ya saura, aka ajiye hedkwata a Abijan, aka ba Cheikh Fall ɗan Senegal shugabanci. An yi shekaru ana alfahari da shi, kuma ya cancanta: ya horar da matuƙa da injiniyoyi baƙar fata a lokacin da Turawa da yawa suke ganin hakan ba zai yiwu ba. To amma Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A 1971 Kamaru ta fice ta kafa nata kamfani. Ba a yi shekara shida ba Gabon ta bi sahunta. Ƙasashen da suke da fasinja da kuɗi sun gaji da ɗaukar nauyin waɗanda ba su da su, waɗanda ba su da su kuma suna kukan an mai da su saniyar ware.

Cutar da ta ci kamfanin daga ciki sananniya ce ga duk tsohon ma'aikacin gwamnati. Ministoci da tawagoginsu su hau jirgi da takardar ofis, baitulmali ya ƙi biya, bashi ya taru shekara bayan shekara. Kowace ƙasa ta dage sai an ba ƴaƴanta rabonsu na muƙamai, ko da aiki ko babu. Kowane shugaba ya dage sai jirgi ya sauka a babban birninsa, ko da kujerun wayam suke. Kamfani mai iyayengiji goma sha ɗaya ya zama maraya, kowa na tatsa, ba mai ba shi dusa. A 1989, da abin ya kai intaha, shugabannin suka miƙa ragama ga Bafaranshe, Yves Roland-Billecart, tare da tallafin kuɗi daga Faransa. Ya sallami ma'aikata, ya takura wa kamfanonin da ke gasa da shi, sannan ya sayo sababbin jiragen Airbus da bashi. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa a Dakar: faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Dare ɗaya bashin da aka ci da kuɗin waje ya ninka, alhali talakan da ke sayen tikiti da sefa bai ƙaru da ko dala ba. A 1998 masu bin bashi suka ƙwace jirage huɗu. A 2001 aka ɗauko Ba'amurke, Jeffrey Erickson, da sa hannun Bankin Duniya, shugabanni kuma suka taru a Barazabil suka yi alkawarin sabon Air Afrique. A 2002 kotu a Abijan ta rufe littafin, a lokacin da ma'aikata sama da 4,000 suke rataye a wuyan jiragen da ba su kai goma ba. Da yawa daga cikinsu sun tsufa suna bin haƙƙinsu ofis-ofis.

A cikin shekaru arba'in ɗin nan Diffa ba ta taɓa shiga jadawalin zirga-zirgar Air Afrique ba. Amma duk lokacin da aka ce ƙasashe su ƙaro jari, rabon Nijar daga baitulmalin kowa ya fito: daga harajin manomin tattasai na Geskeru, da na masuncin Boso, da na makiyayin Ngigmi, daidai da na attajirin Yamai mai zuwa Faris sau huɗu a shekara. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Air Niger kuwa, wanda aka kafa a 1966 domin ya haɗa garuruwan cikin gida, shi ne ya fara mutuwa, bai ma ga ƙarshen ƙarnin ba.

Wani zai ce wannan tsohon labari ne, zamani ya sake. To, ga sababbi. Ƙasashen Afirka ta Tsakiya sun shafe fiye da shekara goma suna shirya Air CEMAC, da ofisoshi da ma'aikata da albashi, aka rusa shi a 2018 ba tare da ya ɗaga ko fasinja ɗaya ba. A watan Nuwamba na 2015 shugabannin G5 Sahel, har da na Nijar, suka yi shelar kamfanin jiragen sama na yanki a Injamena. Ƙungiyar kanta ta watse, jirgin bai tashi ba. A maƙwabciya Najeriya, bayan an rusa Nigeria Airways a 2003, minista Hadi Sirika ya ƙaddamar da tambarin Nigeria Air a Ingila a 2018, aka tsara ba Ethiopian Airlines kashi 49 cikin 100. Ranar 26 ga Mayu 2023, kwana uku kafin ƙarewar mulkin Buhari, aka sauko da jirgi a Abuja da sabon fenti, daga baya ta bayyana cewa na Habasha ne aka ɗauko haya. A watan Agusta na 2024 babbar kotun tarayya a Legas ta soke cinikin. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Wanda ya sha sara har sau huɗu kuwa, ba a zarge shi da rashin kishin ƙasa don ya tambayi abin da ke cikin rami.

Inda kuɗin suke tafiya

Harkar jirgin sama harka ce ta dalar Amurka. Da ita ake biyan hayar jirgi kowane wata, ko ya tashi ko yana kwance. Da ita ake sayen kayan gyara, ake biyan inshora, ake tura matuƙa horo. Man jirgi kaɗai yana cin tsakanin rubu'i da sulusin abin da kamfani yake kashewa, farashinsa kuma a kasuwar duniya ake yanka shi. Abin da ke shigowa aljihun kamfani kuwa sefa ne. Wannan giɓi shi ne ya hallaka Air Afrique a 1994, kuma duk wanda yake maganar sabon kuɗi na ƙasashen Sahel a hannu ɗaya, yana maganar cin bashin jirage a ɗaya hannun, wajibi ne ya bayyana wa jama'a yadda zai haɗa biyun.

Bayan haka, masu ba da hayar jirage da bankuna ba sa amincewa da sabon kamfani haka kawai. Sai gwamnati ta tsaya masa, ta sa hannu cewa in ya gaza ita za ta biya. Wannan lamuni ba ya fitowa a kasafin kuɗi ranar da aka sa hannu. Yana fitowa ne ranar da kamfani ya durƙushe, a lokacin kuma ministan da ya sa hannun ya daɗe da barin kujera. Ma'aikatan da suka rayu a shekarun 1990, lokacin da albashi yake yin watanni bai fito ba, sun san wanda ake fara yanka idan baitulmali ya bushe.

Sai kuma a duba abin da za a haɗa ɗin. Air Mali ya daina tashi a ƙarshen 2012. Air Burkina, wanda gidauniyar Aga Khan ta riƙe tun 2001, an mayar wa gwamnati da shi a 2017, ya kuma sha fama da ƙarancin jirage da kuɗi. Niger Airlines, wanda ya fara aiki a 2014, ƙaramin kamfani ne da ya soma da jiragen Fokker 50 na haya daga kamfanin Falasɗinu. Idan haɗe su za a yi, wa zai gaji basussukan da ke kansu? Wa zai kimanta darajar abin da kowa ya kawo? Ma'aikatan wace ƙasa za a rage? Idan kuma sabo za a gina, mene ne makomar waɗanda ke akwai? Ɗan kasuwar da ya haɗa shago da mai bashi bai binciki littafinsa ba, ya sayi rigima da kuɗinsa.

Asusun da ya fi kusa da hannu sananne ne. A watan Maris na 2025 ƙasashen AES suka ɗora harajin kashi 0.5 cikin 100 a kan kayan da ke shigowa daga wajen ƙawancen, domin ɗaukar nauyin ayyukansa. Idan jirgin ya zama ɗaya daga cikin ayyukan nan, to, a san waɗanda suke zuba wa asusun. Kasuwar Diffa da Najeriya take numfashi. Ta Damasak da Gaidam da Maiduguri kaya suke shigowa, ta nan tattasai da busasshen kifi da dabbobi suke fita, naira tana yawo a hannun mutane kamar sefa. Duk abin da duwan ta karɓa a bakin iyaka, a kan mai saye yake ƙarewa, ko da bai taɓa ganin cikin jirgi ba.

Kuma wace jaha ce ake shirin ɗora wa wannan kaya? Jahar da tun harin 6 ga Fabrairu 2015 a Boso da Diffa ta shiga dokar ta-ɓaci. An hana hawan babur, an rufe kasuwanni, an hana cinikin tattasai da kamun kifi don a toshe wa Boko Haram hanyar samun kuɗi, aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi. Sai a 2017 aka sassauta wa tattasai, kifi kuwa sai 2019. A shekarar nan ta 2019 Najeriya ta rufe iyakarta har zuwa ƙarshen 2020, Komadugu kuma ta yi ambaliya ta cinye gonaki da gidaje, ta sake yi a 2022. Bayan juyin mulkin Yuli 2023 iyakar ta sake rufuwa har Maris 2024. A ƙarƙashin ƙasar wannan jaha, a Agadem, ake haƙo man da ke ciyar da matatar Damagaram tun 2011, wanda kuma bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 ya fara kaiwa gaɓar tekun Benin a 2024. Diffa ta biya nata kason, har da ƙari.

Haɗaka ba ta son gefe

Akwai wata ɗabi'a ta kamfanonin jirage idan suka haɗe, wadda ba ruwanta da launin fata ko aƙida. Ribar haɗewa tana fitowa ne daga rage hanyoyi da tattara fasinja a cibiya ɗaya. A Amurka, da Delta ya haɗiye Northwest a 2008, birnin Memfis ya rasa matsayinsa na cibiya cikin ƴan shekaru. Da United ya haɗe da Continental a 2010, Kilibland ta bi sahu a 2014. Waɗannan manyan birane ne masu attajirai da wakilai a majalisa. Idan haka ta same su, ina ga garin da ke ƙarshen kwalta? Kamfanin ƙasashe uku zai fara ne da rigimar inda za a ajiye hedkwata da cibiya, Bamako ko Wagadugu ko Yamai. Sannan ya nufi Jidda da Istambul da Kasabalanka, inda kuɗin waje suke. Manyan jiragen da ake saye don irin wannan tafiya ba su ne masu hidimar hanyar Damagaram zuwa Diffa ba. Wannan aikin ƙaramin jirgi ne mai farfela, mai kujeru hamsin zuwa saba'in, wanda ba a yanka masa kintinkiri a gaban jakadu.

Alhali kuwa idan akwai inda jirgi ya zama larura a Nijar, to, nan ne. Malamin makaranta da aka tura Maine-Sorowa, ko akawun da ke bin takardun fanshonsa a Yamai, yana cin kwana ɗaya cur ko fiye a cikin mota, ta Gudumariya da Gure da Damagaram da Maraɗi da Doso, ga shingaye, ga fargaba. Majinyacin da asibitin jaha ya gaza a kansa, wannan hanya ce a gabansa. A shekarun rikicin, jiragen Majalisar Ɗinkin Duniya sun yi ta sauka a filin Diffa, amma ma'aikatan agaji suke ɗauka, ɗan kasuwa ba shi da kujera a ciki. Ƙasashen da ake koyi da su sun daɗe da gane cewa kasuwa ita kaɗai ba ta kai jirgi irin waɗannan wurare. Ita kanta Amurka, da ta sakar wa kamfanoni mara a 1978, a cikin dokar ta tanadi tallafi don kada ƙananan garuruwa su rasa jirgi. Faransa tana biyan kamfanoni domin su riƙe hanyoyin tsibirin Korsika da wasu lardunanta. Ana yin tallafin ne a fili, da adadi, da kwangila, da wa'adi.

Kuma ba a rasa misalin haɗin gwiwar da ya rayu ba. ASKY ya fara tashi daga Lome a watan Janairu na 2010, da jarin ƴan kasuwa da bankunan yanki, irin su Ecobank, Ethiopian Airlines kuma yana riƙe da babban kaso da ragamar gudanarwa. Shi kansa Ethiopian mallakar gwamnati ne tun kafuwarsa, ya ratsa mulkin sarki da na soja da na farar hula, don an bar masana suna tafiyar da shi, jami'in gwamnati kuma yana biyan kuɗin kujerarsa. Bambancin a nan yake: wanda ya zuba kuɗinsa yana da bakin tambaya, wanda ya ɓarnatar kuma yana da wanda zai amsa wa.

Abin da ya kamata a nema

Saboda haka, kafin a fitar da ko jikka ɗaya daga baitulmali, haƙƙin ƙungiyoyin ƴan kasuwa da na ƙwadago ne, musamman na jahar Diffa, su nemi a buga binciken da aka gina shirin a kansa, da Faransanci da harsunan ƙasa, kowa ya ga yawan jarin, da rabon kowace ƙasa, da shekarun da ake sa ran za a yi ana faɗuwa kafin riba. Su nemi a bayyana duk wani lamuni da gwamnati za ta sa wa hannu, a kuma yi nesa da kuɗin fansho da na asusun ma'aikata. Su nemi a rubuta a cikin yarjejeniyar kafa kamfanin cewa ba minista, ba hafsa, ba tawagar da za ta hau sai an biya lakadan, kuma ɗaukar ma'aikata da jarrabawa za a yi shi, ba da rabon ƙasa-ƙasa ba. Su nemi a buɗe jarin ga attajiran ƙasashen uku masu sha'awa, su sa kuɗinsu da yardarsu, maimakon a tatsa daga wanda ba a shawarta ba.

Sama da duka, su nemi a rubuta hanyar Yamai, Damagaram, Diffa a cikin wajiban kamfanin, tare da ta Agadas da sauran jahohin nesa: sau nawa a mako, da wane irin jirgi, a kan wane farashi, da hukuncin da zai hau kansa in ya saɓa. Idan aka ce hakan ba zai yiwu ba, to, an amsa tambayar da kanta, kuma ya fi sauƙi ƙwarai gwamnati ta yi gwanjon hanyar a fili, ta ba kamfanin da ya nemi tallafi mafi ƙanƙanta, ragowar kuɗin a zuba su a gyaran kwalta da madatsun da za su kare gonakin bakin Komadugu.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Babu mai ƙin ganin tutar ƙasarsa a jikin jirgi, mutanen Manga ma suna so. Amma ƴancin kai da aka saya da bashin dala, aka bar wa manomin tattasai biya, an riga an gwada shi daga 1961 zuwa 2002, kuma kowa ya ga inda ya sauka. Masu mulki na yau suna da damar da magabatansu ba su samu ba, domin littafin Air Afrique yana buɗe a gabansu. Su karanta shi tun kafin su sa hannu, su kuma faɗa wa Diffa ranar da jirgin zai sauka a filinta da kuɗin da za ta biya. Allah ya ba shugabanni kunnen ji.